Karatun zane a jami'a: abin da Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu ya kamata su auna

Tun da aka samu aka yi jarrabawar shahada Sudaniyya da yaƙi ya hana, ta 'yan 2023 a ƙarshen Disamban 2024, ta 'yan 2024 kuma a ƙarshen Yunin 2025, gidajenmu daga Mai Wurno har ƙauyukan da ke kusa da madatsar Makwar suka koma tsohuwar gardamar da muka saba: me yaro zai cike a takardar neman gurbin jami'a? Amsar iyaye ba ta canza ba. Likitanci ne a sama, sai injiniyanci, sai haɗa magani. Wanda makinsa bai kai ba a ce ya shiga tarbiyya ya zama malami irina. Akwai wata kulliya da sunanta ko fitowa ba ya yi a wannan zance, wato kulliyar zane da ƙira ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha da ke Khartum, wadda kowa ke kira kulliyatul funun. Yaron da ya furta sunanta a gaban mahaifinsa ya san abin da zai ji: "Zane? Shi za ka ci?"

Tambayar baban nan ba ta wasa ba ce, kuma zan zo kanta. Amma shekarun yaƙin nan sun ƙara wata tambaya a gefenta, wadda a da ba ta dame mu ba.

Bayan sojoji sun karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris na 2025, ma'aikatan hukumar kayan tarihi sun shiga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke unguwar Mukran, wanda aka buɗe a 1971, suka tarar da akwatunan gilashi a farfashe, ɗakunan ajiya a buɗe. Gidan da aka ƙiyasta yana ɗauke da kaya kusan 100,000 ya yi kusan shekara biyu a hannun dakarun Da'amus Sari', wato RSF. Zinariyar sarakunan Kush ta tafi. Abin da ya tsira galibi shi ne wanda ya fi ƙarfin ɗauka, irin manyan gumakan dutse da ɗakunan bauta na dā da aka kwaso daga Nuba lokacin gina madatsar Aswan. Tun a Satumban 2024 hukumar UNESCO ta gargaɗi dillalan kayan tarihi na duniya da kada su sayi abin da ya fito daga Sudan. Gidan Khalifa a Umdurman ma an taɓa shi, haka gidan tarihin Jazira a Wad Madani, birnin da ya kasance a hannun RSF daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025.

To, ga inda maganar karatu ta shigo. Kayan da aka sace ba ya dawowa da kuka ko da zanga-zanga. Idan ya ɓulla a wata kasuwa a ƙetare, sai an kawo hujja: hotonsa, lambarsa, awonsa, inda aka haƙo shi, da wanda zai kalle shi ya ce wannan aikin Marawi ne na ƙarni kaza, wancan kuwa jabu ne. Tukunyar da ta fashe sai mai hannu ya haɗa ta. Zanen bangon cocin Faras da danshi ya ci sai wanda ya san launi da farar ƙasa. Masu wannan aiki a ƙasar nan 'yan kaɗan ne tun kafin yaƙi, kuma da yawa daga cikin masu zane da malamansu yanzu suna Alƙahira ko Nairobi ko Kampala. Ƙasa za ta nemi irin waɗannan mutane na tsawon shekaru, kuma daga wurare biyu za su fito: kulliyatul funun, da sashen ilmin kayan tarihi irin na Jami'ar Khartum.

Kulliyar nan ba baƙuwa ba ce a tsarin ilminmu, kuma mu malaman makaranta ya kamata mu fi kowa sanin haka, domin daga gidanmu ta fito. Tushenta darasin zane ne a kwalejin horar da malamai ta Bakhtur Rida, kusa da Duwaim, wadda aka kafa a 1934. Wani Bature mai suna Jean-Pierre Greenlaw, wanda daga baya ya zana tsofaffin gine-ginen Sawakin ya buga su a littafi, shi ne ya jagoranci buɗe makarantar ƙira a Kwalejin Gordon a 1945. A 1951 aka mayar da ita cibiyar koyon sana'a ta Khartum, a 1971 ta sami sunan kulliya, yau kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Sudan. Ba ɗakin zanen fuskoki kawai ba ne kamar yadda mutanenmu ke zato. Akwai sashen launi da na sassaƙa, akwai na tukwane, na rubutun hannu da ado, na zanen yadi, na ƙirar talla da bugu, da na ƙirar kayan masana'antu. Ana kuma karanta tarihin fasaha tare da aikin hannun.

Mutanen bakin kogin nan namu sun yi suna a cikinta. Usman Waƙi'allah, wanda aka haifa a Rufa'a a 1925, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu rubutun hannu na zamani, kuma rubutunsa ya hau takardun kuɗin Sudan na farko bayan samun 'yanci. Rashid Diyab ɗan Wad Madani ne, an haife shi a 1957, ya yi karatu a kulliyar sannan ya wuce Madrid. Kamala Ibrahim Is'haƙ, wadda ta koyar a can shekaru masu yawa, ta karɓi lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan a 2019.

Amma labarin da ya fi shafarmu shi ne na Ibrahim as-Salahi. An haife shi a Umdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo. Ya tafi Landan a 1954, ya yi shekara uku a makarantar Slade, ya dawo da gwanintar zanen Turawa. Da ya baje kolin ayyukansa a Khartum, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba, ba su kuma damu da su ba. Sai ya koma ya duba abin da mutane ke ratayawa a ɗakunansu da abin da suke girmamawa: harafin Larabci, adon faifai, da adon da ake yi wa allon almajiri, wanda Larabawan Sudan ke kira sharafa. Daga nan salonsa ya fito, shi da Ahmad Shibrain da sauran waɗanda aka laƙaba wa suna Makarantar Khartum. A 2013 gidan baje koli na Tate Modern a Landan ya ware masa baje koli na ayyukan rayuwarsa, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a can. Sharafar nan, jama'a, ita ce zayyana. Ita ce abin da mai zayyana ke yi wa allon yaranmu ranar saukar karatu, da tawadar ƙaro da jan launi da ruwan ɗorawa, a biya shi abin da ya samu, bayan walima a jingine allon a bayan ƙofa har gara ta ci.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Salah Hassan, ɗan Sudan da ke koyar da tarihin fasaha a Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda yana cikin waɗanda suka shirya babban baje kolin Makarantar Khartum a Sharja a 2016, da me ya fara suna? Da bincike kan malaman allo na Hausawan arewacin Najeriya, alƙalaminsu da tawadarsu da allonsu da zayyanarsu, wanda ya fito a littafi a 1992. Ya ƙetare ƙasashe ya je ƙasar Hausa ya yi wannan aiki. Irin waɗannan malamai suna nan a Mai Wurno da ƙauyukan Jazira da Gadarif da Kasala, jikokin waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, da na alhazan da suka yada zango a hanyar Makka. Hannunsu ya yi shekara fiye da ɗari yana cuɗanya da na maƙwabta. Yaya zayyanar Mai Wurno ta bambanta da ta Sakkwato a yau? Me ta ɗauka daga sharafar khalwowin Jazira, me ta ba su? Aikin wuyan riga irin aska takwas, wa ya rage yana yin sa a nan, kuma me ya sauya da aka koma jallabiya? Waɗannan tambayoyin digiri ne, kuma ɗan gida da ke jin Hausa da Larabci, wanda tsoho zai buɗe wa gafakarsa ba tare da tsoro ba, ya fi kowa damar amsa su.

Kada a ɗauka wannan maganar ado ce kawai. Mun ga abin da ya faru a Shuɗin Nilu a Yulin 2022, da kuma Wad al-Mahi a Oktoban wannan shekarar, inda ɗaruruwan rayuka suka salwanta a rikicin da tushensa shi ne wa ke da ƙasa, wa ke da sarauta, wa kuma baƙo ne. Ba na cewa allo ko tsohuwar wasiƙa za su tare harsashi. Amma duk lokacin da aka zauna teburin sulhu, ko aka zo rubuta littafin tarihi na makaranta, al'ummar da ke da abin nunawa tana magana da wata murya daban. An gama madatsar Makwar a 1925, a shekarar aikin noman Jazira ya fara, kuma kowa ya san gumin mutanen yamma a gonakin audugar nan. Je ka gidajen tarihin ƙasar ka nemi ɗakin da ke ba da wannan labari. A lokacin da RSF ta shiga Sinja a ƙarshen Yunin 2024 mutane suka watse, kowa ya ɗauki yaransa da abin da zai iya. Littattafan kakanni da aka bari a cikin adaka, waɗanda babu hotonsu a ko'ina, idan sun tafi sun tafi ke nan. Shirin Sudan Memory, wanda ya ɗauki hotunan dubban takardu da kayan tarihi ya ajiye a intanet kafin yaƙi, ya nuna cewa kyamara da mutum mai horo suna iya tserar da abin da bango da kwaɗo suka kasa.

Yanzu ga maganar addini, wadda ita ce ke zuciyar iyaye da yawa ko ba su faɗa ba. Duk malamin makaranta yana tuna rikicin Janairun 2021. Cibiyar tsara manhaja ta ƙasa, ƙarƙashin Umar al-Ƙarrai, ta fitar da littafin tarihi na aji shida, a babin farfaɗowar Turai aka sa zanen Michelangelo na halittar Annabi Adamu, wanda ya yi a rufin wani ɗakin ibada na Batikan tsakanin 1508 da 1512. Zane ne da ke siffanta Mahalicci da surar mutum. Limamai suka hau mumbari, shafukan Facebook suka kama wuta, Firaminista Abdalla Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar, al-Ƙarrai ya ajiye aiki. Siyasa ta shiga ciki sosai, domin wasu da suka fi kowa ɗaga murya abin da ke gabansu shi ne kayar da gwamnatin riƙon ƙwarya, kuma alaƙar al-Ƙarrai da 'yan Jamhuriyya mabiya Mahmud Muhammad Taha ta ba su sanda. Duk da haka ra'ayina bai sauya ba: wannan hoto ba shi da gurbi a littafin yaro Musulmi ɗan shekara goma sha ɗaya. Ni da zan tsaya gaban aji, ban san da wane baki zan bayyana shi ba.

Sai dai darasin da mutanenmu suka ɗauka daga rikicin shi ne wanda bai kamata ba. Sun ce ka gani, tarihin zane kafirci ne. Ni kuwa abin da na gani shi ne kwamitin da ya rasa mutum ɗaya mai sanin fannin da kuma sanin jama'arsa. Wanda ya karanta tarihin fasaha da gaske ya san cewa ana iya koyar da wannan zamani na Turai da ƙubbar babban cocin Filorans da Brunelleschi ya kammala a 1436, ko da zane-zanen injuna na Leonardo, ko da yadda masu zanen Italiya suka amfana da ilmin gani na Ibnul Haisam. Babin zai fi daɗi, ba kuma wanda zai hau mumbari. Da muka bar fannin ga wasu, su suka zaɓa mana hoton, mu kuma aka bar mu da ihu.

Hukuncin kansa ma yana da faɗi fiye da yadda ake ba da shi a majalisa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka haramta shi ne surar mai rai cikakkiya mai inuwa, wato gunki. Surar da ke shimfiɗe a takarda ko yadi an sanya ta a babin karhanci ko barin abin da ya fi, itace da gini da kogi kuwa ba a yi maganarsu ba. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma wanda ya bi su yana da hujjarsa. Abin da ya kamata uba ya sani shi ne ɗalibi a shekarun farko zai zauna ajin koyon zanen surar mutum, domin shi ne harsashin horon, kuma sashen sassaƙa yana da matsalar da ba a ɓoye ta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je ya tambayi malaminsa kafin ya cike takarda, kada sai ya shiga. Amma sashen rubutun hannu da ado, ko na yadi, ko na tukwane, wane malami ne zai ce aikinsu haram ne, alhali da irinsa aka ƙawata masallatai da bangon Alƙur'ani?

Mu koma kan tambayar baba: shi za ka ci? Gaskiya ita ce sayar da zane a rataya a bango bai taɓa ciyar da mutane da yawa a Sudan ba. Masu saye 'yan ofisoshin jakadanci ne da ma'aikatan ƙungiyoyin waje da wasu attajiran Khartum, kuma yaƙi ya watsa su. As-Salahi da ake ba da misali da shi aikin gwamnati ya yi, har ya kai babban muƙami a ma'aikatar al'adu, aka kuma kulle shi a kurkukun Kobar a 1975 na wata shida ba tare da shari'a ba, daga baya ya yi shekaru yana aiki a Ƙatar. Duk wanda ya ce wa yaro zai zama as-Salahi yaudararsa yake yi. Inda abinci yake shi ne a ƙirar talla da bugu: allunan shaguna, kwalayen kaya, littattafan makaranta, fastocin wayar da kai kan kwalara da allurar rigakafi, da aikin da ake yi a kwamfuta a tura wa mai shi a Riyad ko Dubai. Kasuwannin Madani da Sinja da aka ƙona ko aka wawashe suna sake buɗewa, kuma kowane shago sai an rubuta masa suna. Manhajojin da ke ƙirƙiro hoto da kansu sun fara cin ƙananan ayyukan nan, wannan gaskiya ne, shi ya sa mai digiri sai ya fi mai waya sanin abin da yake yi. Sai kuma koyarwa, wadda albashinta, mu da ke ciki mun sani, ba ya kai mutum tsakiyar wata, in ma ya zo.

A gefe guda kuma, a daina yi mana kamar sauran fannonin tabbas ne. Kowane ƙauye a nan yana da mai digirin tattalin arziki ko shari'a da ke tuƙa raksha. Yaron da aka tilasta wa fannin da ba ya so, da maki na tsaka-tsaki, ya fita da takarda ya shiga layi ɗaya da dubbai. Wanda hannunsa ke da baiwa, aƙalla yana da abin da ba kowa ke da shi ba.

Matsalar da ta fi girma a ganina tana can ƙasa, kafin a kai jami'a. Kulliyatul funun ba ta karɓar ɗalibi da makin shahada kaɗai, sai ya ci jarrabawar gwajin baiwa, a ba shi fensir da takarda ya zana abin da aka ajiye a gabansa. A shahada Sudaniyya ma akwai darasin zaɓi na funun da tasmim. To wa zai koya wa yaronmu? A makarantar da nake koyarwa, sa'ar zane ita ce wadda malamin lissafi ke karɓa idan bai gama manhaja ba, in kuma bai karɓa ba a ce yara su fita su share fili. Ba mu taɓa samun malamin da ya karanci fannin ba. Akwai wata yarinya a ajina da ke zana taswirar Sudan a allo da hannu ɗaya, ba ta duba littafi, ta fi ta bugu kyau. Gidansu lalle take yi wa amare. Ba ta taɓa riƙe burushi ba, kuma ranar gwaji za ta zauna kusa da ɗan Khartum da ya yi shekara uku yana zuwa darasi na musamman. Ba a hana mu shiga da doka ba, amma sakamakon ɗaya ne.

Ga kuma tsada. A shekarun yaƙi jami'o'i sun koma koyarwa ta intanet, suna shirya jarrabawa a Bur Sudan da Atbara da Alƙahira. Ana iya karanta shari'a ta Telegram. Ba a koyon juya tukunya ko saƙa ko bugu ta waya. Sai da ɗaki, da murhun gasa yumɓu, da injin, da malami a tsaye a kanka. Harabar Jami'ar Sudan na tsakiyar Khartum ne, inda aka fi gwabzawa, kuma gyaran ɗakunan aiki ya fi gyaran ajin lacca cin kuɗi da lokaci. Launi da takarda da burushi duk daga waje suke zuwa, da farashin dala, kuma ɗalibi ne ke saye. Manomin da ke da hawasha ɗaya, wanda bai noma ta yadda ya kamata ba tun 2023, ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Wanda zai tura ɗansa bana ya fara tabbatar da inda ake karatun aikin hannu a zahiri, da inda za a yi gwajin baiwar, kafin ya sayar da akuya.

Saboda haka ban ce kowa ya tura ɗansa ba. A cikin ɗari, wataƙila biyu ne ke da hannun da idon. Abin da nake cewa shi ne waɗannan biyun kada a kashe su da dariya, kuma nauyinsu ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ƙungiyoyin ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu na Madani da Gadarif da masu aiki a Saudiyya suna tara kuɗi don masu karatun likitanci, kuma sun kyauta. A ware gurbi ɗaya ko biyu a shekara ga mai zuwa funun ko ilmin kayan tarihi, da sharaɗin aikinsa na kammalawa ya kasance kan abin gida: zayyanar wani ƙauye, ko littattafan wani gidan malamai, a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a rubuta sunan mai su da inda suka fito, a bar kwafi a fadar Mai Wurno, wani a jami'a. A Zariya, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan yana ba da digiri har na uku, kuma ɗanmu da ke jin Hausa ba zai yi baƙunta a can ba idan ya so ƙarin karatu.

Mu malamai kuma namu ya fi sauƙi, ba ya buƙatar kuɗin kowa. A mayar wa sa'ar zane sa'arta. A gayyato mai zayyana na unguwa ya zo aji da alƙalumansa sau ɗaya a zango, a gayyato mai ɗinkin hula da mai saƙar faifai. Wanda ke da ɗalibi mai baiwa a aji uku na sanawi ya nemo tsofaffin tambayoyin funun da tasmim, ya ajiye masa buta da kofi a kan tebur ya ce zana, sau biyu a mako, daga yanzu har ranar gwaji.